Zoɓon da ya koma kore, da rigimar da ya haddasa a zaman shayinmu

Tun da alhazai suka watse garin ya ɗan yi sarari, babu daren Juma'ar da za mu haɗu a shaggar Goggon maigidana, wato sashenta a gidan bene, nan Makka, a sha shayi a tashi ba a taɓo maganar labarin nan ba, har ta kai yanzu in aka zuba zoɓo sai wata ta ɗaga kofi tana duba launinsa a fashe da dariya. Wata yarinyarmu ce ta rubuta shi, ɗiyar maƙociyar Goggo, a nan aka haife ta, karatun haɗa magunguna take yi, Hausarta irin ta 'yan Makka ce rabi Larabci amma ta kafe ita da Hausa za ta rubuta. Ta riƙa turo mana ta waya shafi-shafi kamar yadda marubutan onlayin ke yi, kafin ta kai ƙarshe ya zaga Jidda da Madina har da 'yan uwa a Kano. Ba zan ce ya fi kowane labari ba, akwai inda ya yi rauni kuma zan zo wajen. Abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutun shine yadda kan mutane ya rabu a kansa, don rabuwar ta fi labarin kansa ban sha'awa a wajena.

Wanda bai karanta ba ya yafe ni, dole sai na fasa ƙwan. Wani tsohon Alhaji ne mai sayar da carbi da turare, yana kwana a ɗakin ƙasa na wata tsohuwar imara, wato gidan bene mai sassa da yawa, aka wayi gari an same shi ya cika. Dama yana da hawan jini, wasu suka ce kwana ne ya ƙare. Sai dai a gefen katifarsa akwai kofin zoɓo da ya sha rabi, zoɓon ya rine ya koma baƙi-baƙi kore-kore, kuma amaryarsa ce ta kai masa da daddare. Kafin azahar mata sun gama yanke wa amarya hukunci. Jarumar labarin bazawara ce da ta haura hamsin, ta taɓa aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti a gida Najeriya, yanzu zoɓo da ɗanwake take yi yara suna kai wa masu shago. A wajenta amaryar ta sayi zoɓon, kenan maganar ta shafi tukunyarta, don tun ranar aka daina saye. Ba 'yar sanda ba ce, ba ta da kowa a hukuma, ido ne kawai da tambaya da ɗan abin da ta sani.

Irin wannan labarin Turawa sun ware masa suna, kozi suke ce masa, kalmar da suke faɗa wa ɗaki mai ɗumi da bargo lokacin sanyi. Akwai mutuwa a ciki amma ba a nuna maka jini, babu batsa, wurin ƙarami ne kowa ya san kowa, mai binciken ba aikinsa ba ne kuma yawanci mace ce mai shekaru wadda ba a ɗauke ta a bakin komai ba, ana yawan cin abinci da shan shayi, a ƙarshe komai ya koma mazauninsa. Uwar ɗakin fannin ita ce Agatha Christie ta Ingila, wadda ta fito da tsohuwar ƙauyen nan Mis Mapul tun 1927. Waɗanda suka tashi a nan ko a Sudan sun san ta a fassarar Larabci, ƙananan littattafan nan masu shiga aljihu, kamar yadda suka san yara biyar ɗin nan na unguwar Ma'adi a Alƙahira da Mahmud Salim ya fara rubutawa a 1968. Mu da muka zo daga gida da girmanmu kuma da littattafan soyayya muka tashi. Wannan bambancin kaɗai ya bayyana rabin rigimar.

Ƙorafin farko daga ɓangarenmu ya fito. Maman 'yan biyu tace ita fa ta bi labarin har kashi na goma tana jira a nuna mata wanda zai auri bazawarar nan, shiru kake ji, sai bayanin sinadari. "Ni na bar makaranta dan in huta da kemistiri, shine za a biyo ni da shi har cikin nobel?" Mun yi dariya amma maganarta tana da tushe. Ku duba yadda asiri ke tonuwa a yawancin littattafan da muka saba da su: ko a yi mafarki, ko a yi ruƙiya aljani ya faɗi inda aka binne layar, ko wata ta laɓe a bayan labule ta ji ana waya, ko kuma muguwar ta kwanta ciwon ajali ta fara tone-tone da bakinta. A duk waɗannan mai karatu ba shi da aikin yi, zama zai yi a kawo masa gaskiya a faranti. Wannan labarin kuwa aiki yake ba ka, ya watsa maka alamomi ya ce ka tsince, wanda bai saba ba sai ya ji kamar an gayyace shi biki an miƙa masa tsintsiya.

Amma da na matsa da tambaya sai na gane ba duk kimiyyar ce ta gundure su ba. Kimiyya iri biyu ce a labarin, ɗaya kowa ya so ta, ɗaya kuma ita ta jawo tsaki.

Wadda aka so ita ce ta zoɓo. Jarumar ta tara matan imarar a falo ta jera kofi uku na zoɓo, ta matsa lemun tsami a na farko ya ƙara ja, ta bar na biyu yadda yake, na uku ta ɗiga masa jiƙaƙƙiyar kanwa, nan take ya rine ya koma irin launin da aka gani a gefen katifar Alhaji. Ashe tsohon ya saba jefa 'yar kanwa a abin shansa saboda ƙwannafi. Daren da aka karanta wa Goggo wannan wurin, don ita jikarta ke karanta mata, tsayar da karatun ta yi. "Ke 'yar nan tashi ki ɗauko min kanwar nan ta cikin gwangwanin madara." Aka kawo, ta fasa ƙanƙanuwa da bayan cokali ta jefa a kofinta ta juya, muna zagaye da ita kamar masu kallon dabo, jan ya fara dusashewa ya yi shuɗi-shuɗi mai duhu, ta ƙara kaɗan ya tafi wajen kore. Ta ɗaga kofin saitin fitila ta daɗe tana kallo tace, "Ikon Allah, shekara nawa ina kashe tsami da kanwa ban taɓa kawo wa raina wannan zai iya wanke mutum daga zargi ba." Wata 'yar Mai Wurno ta ƙasar Sudan da ke zama da mu, wadda yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya koro ta wajen ɗanta, tace su ma haka karkade, wato zoɓonsu, ke yi in ya haɗu da atrun, sunan kanwa kenan a can.

Abin da ke faruwa a kofin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Jan zoɓo daga wani sinadari yake da ake kira antosayanin, shi kuma launinsa yana bin yanayin ruwan da yake ciki, in ruwan mai tsami ne ya yi ja, in aka kashe tsamin da abu irin kanwa ya juya zuwa shuɗi da kore. Shi ne dai a cikin jan kabeji da ake gwada wa yara a makaranta. Marubuciyar ko sunan sinadarin ba ta kira ba, kofi uku kawai ta jera, kuma babu wanda ya ce lakca ce saboda kowa na da kanwa a kicin.

Ta biyun ita ce ainihin abin da ya kashe Alhaji. Jikin ɗakinsa akwai sito, an tara buhunan wake da gero a ciki, aka jefa ƙwayoyin nan na kashe ƙwarin hatsi aka liƙe ƙofa da selotef. Ƙwayoyin in suka sha danshin iska suna sakin wata iska mai guba da ake kira fosfin, tana bin tsaga da rami ta shiga maƙwabta, kuma tsakanin siton da ɗakin tsohon akwai tsohon ramin bututun mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da ba a toshe ba. Wannan ba ƙirƙira ba ce, an sha yin rashin rayuka ta haka a gidajen haya a ƙasar nan da sauran ƙasashen Galf, wani ya sa a shaggarsa saboda kuɗin cizo ko kyankyaso ya kulle ya tafi, maƙwabta su kwana a ciki, shi ya sa aka hana amfani da shi a gidajen zama. Ba shi da makari, a asibiti ma tallafa wa jiki kawai ake yi. Alamomin kuwa marubuciyar ta shuka su tun kashi na uku: matattun kyankyasai jere a korido, magen haris mai gadin imarar tana ta amai, yaron bene na farko ya kwana da ciwon kai da amai aka ce shawarma ce ta ɓata masa ciki, ga warin tafarnuwa a ƙasan bene alhali babu wanda ya yi girki.

Toh a nan ne abin ya ba ni mamaki. Waɗanda suka daɗe a Jidda da Makka tun kashi na biyar suka gano, don sun taɓa jin irin labarin, wata ma har ta ce labarin ya yi sauƙi da yawa. 'Yan Kano da iyayensu ke harkar hatsi su ma suka cafke da wuri, sun san ƙwayar da ake sa wa wake. Wanda bai taɓa ji ba kuma ya ga kamar daga sama aka jefo masa. 'Yar Mai Wurno tace da sibga ta rubuta, baƙin rinin nan da ake haɗawa da lalle, babu macen Sudan da za ta wuce shafi biyu ba ta gane ba, da an ce wuya da harshe sun kumbura fitsari ya koma kalar gahawa shikenan an gama, amma mu da sai mun ce aljanu ne. Kenan wahalar kimiyyar labari ba a jikin kimiyyar take ba, tana ga abin da mai karatu ya taɓa gani a gidansu. Marubucin da masu karatunsa ke warwatse tsakanin Makka da Sinnar ta Sudan da Kano ba zai taɓa dafa miyar da gishirinta zai yi wa kowa daidai ba.

Inda na ga laifinta ni shine kashi na ƙarshe, inda jarumar ta tsaya ta yi shafi uku tana bayanin yadda iskar ke hana ƙwayoyin jiki amfani da numfashi, da sunaye masu tsawo, kamar ta juye mana handawut ɗinta na jami'a. Tun 1929 wani limamin coci a Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin irin waɗannan labaran ne, ya jera ƙa'idoji goma, ɗaya daga ciki ta hana amfani da gubar da duniya ba ta sani ba ko wata na'urar da sai an yi dogon bayanin kimiyya a ƙarshe. Rabin farko ta kiyaye, rabi na biyu ta taka shi da takalmi. Christie kanta a ɗakin magani na asibiti ta yi aiki a garin Torki lokacin yaƙin duniya na farko, har ta ci jarrabawar masu haɗa magani a 1917, kuma littafinta na farko na 1920 gaba ɗaya a kan wata dabarar haɗa magani ya tsaya, yadda wani gari ke sa sinadarin da ke cikin kwalbar magani ya kwanta a ƙasa har kurɓin ƙarshe ya zama ajali. Amma kwalbar da fankon kwalin garin tun farko ta ajiye su a gaban mai karatu, bayanin ƙarshe ɗan kaɗan ne, kana ji sai ka dafa kai ka ce ai na gani.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, masu ilimin abin, su kuma nasu ƙorafin kishiyar na Maman 'yan biyu ne. Akwai inda aka ce zoben azurfar Alhaji ya yi baƙi ƙirin a dare ɗaya, jarumar ta riƙe wannan a matsayin babbar hujja. Ƙanin maigidana gyaran mukayyif yake yi, yace shi ya yarda iskar tana cin jan ƙarfe da azurfa, shi ya sa ake cewa a kwashe kayan lantarki kafin a yi wa sito hayaƙin, amma zoben da ke yatsan mutum ya koma gawayi kafin asuba, wannan kam sai ya gani da idonsa. Da aka isar wa marubuciyar tayi dariya tace, "Kawu ya kama ni, na ɗan ƙara gishiri." Ni ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Labarin da ya ce maka ka yarda da ni don abin da nake faɗa ana iya gwadawa, in aka kama shi da ƙari a wuri ɗaya sai ka fara shakkar sauran. A littafin aljanu babu mai tambayar ko zobe zai iya baƙi.

Duk wannan a gefe, maganar da ta fi tsaya min ita ce ta Goggo, ita da ta fi kowa jin daɗin zoɓon. Tace ita jarumar nan ba ta kwanta mata ba. Mace ta shiga gidan makoki tana tambayar waye ya shiga waye ya fita, ta buɗe ledar sharar mutane, ta tsare yaro da alawa tana tatsar magana, "wannan a garinmu sunanta 'yar sa-ido, shiga sharo ba shanu." Ta kawo ayar Hujurati da ta hana yawan zato da bin diddigin mutane, ta ƙara da cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Dattawan wurin kusan duk suka bi bayanta. Kuma gaskiya ce, tsohuwar ƙauyen Ingila mai leƙen taga su abin dariya ce a wajensu da sha'awa, mu kuwa irinta ake rufe wa ƙofa.

Jikan Goggo da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina ya zo hutu aka sa shi a maganar, shi kuma ya ɗauko ta wani gefen. Yace Goggo ki tuna rigar Annabi Yusuf, wani daga cikin dangin matar ne ya ce a duba, in ta gaba ta yage ita ce mai gaskiya, in ta baya ce shi ne mai gaskiya, aka duba aka ga ta baya. Ba alƙali ba ne ba ɗan doka ba, mutumin gida ne ya yi amfani da hankali ya wanke wanda aka yi wa ƙazafi. Yace malamai irin su Ibnul Ƙayyim sun yi dogon rubutu a kan hukunci da alamomi, kuma har gobe ana ba da labarin kaifin basirar Iyas ɗan Mu'awiya alƙalin Basra. Goggo tace toh ai shi wancan ba shara ya buɗe ba. Aka yi dariya aka bar ta a nan, amma ni na tafi gida da ita.

Abin da na fahimta shine matan da suka ce amarya ce su ma fa bincike suka yi. Sun ga kofi, sun san akwai kishi a gidan, sun san tsohon yana da 'yan kuɗi, suka haɗa suka ce ruwa ba ya tsami banza. Ita ma jarumar leƙe ta yi da tambaya, a ido babu bambanci. Bambancin ɗaya ne tak, ita ta kawo abin da kowa zai iya maimaitawa da hannunsa, kuma abin da zai iya ƙaryata ta. Kafin ta ɗiga kanwar sai da tace in bai canza ba to ni ma ban san abin da ke cikin kofin nan ba. Mai gulma ba ta taɓa faɗin haka, duk abin da ya faru ƙara mata hujja yake, in amarya ta yi kuka a ce na munafunci ne in ba ta yi ba a ce kun gani ko. Dan haka masu cewa a cire kimiyyar a bar labarin ban ga yadda za a yi ba, in ka cire ta abin da zai rage shine wata bazawara mai bin ɗakunan mutane, kuma da Goggo ta yi gaskiya ɗari bisa ɗari. A ƙauyen Turawa kimiyya ƙari ce a irin wannan labarin, akwai da yawa da babu ita sam. A wajenmu ita ce kaɗai izinin da jarumar ke da shi na buɗe baki, ita da kasancewar akwai wadda ake zalunta.

Maza kuma da suka karanta, nasu daban. Maigidana cewa yayi labarin ya yi daɗi amma a nan wa zai yi wannan? Mutum ya mutu a gida a ƙasar nan ba a ɗauka kawai a kai, sai an kira hukuma, sai takardar likita da izinin binnewa, in akwai shakku a wuce da shi wajen likitan shari'a. Imara irin wadda aka kwatanta kuwa duk mun santa, wani igamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare yana fafutukar sabuntawa, wani ba ya aiki a wajen kafilinsa da ya tsaya masa a hukuma, wata ko takardar ba ta da ita. A littafin Turawa sufeto zuwa yake ya zauna a ba shi shayi, yaran Ma'adi ma babban jami'i abokinsu ne. A nan matar da ta tayar da maganar guba ba mai laifin ne abin tsoronta na farko ba, tsoronta kar tambayarta ta jawo a kwashe rabin maƙwabtanta zuwa tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ita ma ƙila har da ita, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Marubuciyar a layi ɗaya ta taɓa wannan ta wuce, wataƙila dan ita takardunta lafiya lau ne, amma waɗanda abin ya shafa a nan suka tsaya. Wata tace min ita wannan layin ne ya hana ta barci ba gubar ba. Ɗumin bargon da ake faɗa yana buƙatar mutanen da in sun kira hukuma babu abin da za su rasa, wannan kuwa ba a fassaro shi daga wani littafi.

Wani abin kuma al'adarmu ce ta taimaki labarin ba tare da an shirya ba. Nan Makka bayan kowace farilla ana sallar gawa a Harami, in takardu sun kammala mutum bai cika kwana ba an kai shi maƙabartar Shara'i. A labarin likita ya ga tsoho mai fayil ɗin hawan jini ya rubuta zuciya, kafin jarumar ta fara tunani an rufe shi. Gawa ta fita daga labarin kenan, babu yanka babu gwajin jini, dole hujja ta fito daga ɗaki da korido da kyankyasai. Abin da marubutan can ke wahala su kauce masa dan kar labari ya yi ƙazanta, mu gaggawar jana'iza ta ɗauke mana.

Ƙarshen ne ya fi raba kai. Wanda ya sa ƙwayoyin ɗan ƙanin Alhajin ne, yaron da ya riƙa tun yana ƙarami, hatsin nasa ne yake tarawa ya sayar, bai san da ramin ba. Da ya gane abin da ya faru sai ya cire selotef ɗin cikin dare ya yi gum, ya bar amarya da zargi, har shi ma yana ɗan tura wutar. Wasu suka ce ashe ma ba kisa ba ne an cinye mana data a banza, su mugu suke so na gaske wanda za a tsana hankali kwance. Ni kuwa nan ne na ga yarinyar ta yi abin da ba kwafe ba. Kisan kuskure yana da hukuncinsa a Suratun Nisa'i, diyya ga magada da kaffarar 'yanta bawa, in ba a samu ba azumin wata biyu a jere, kuma tun 2011 diyyar kuskure a ƙasar nan riyal 300,000 ce. Yaron da ke tara buhu goma a sito ina zai ganta? Duk wanda ya karanta a nan ya san dalilin shirunsa ba sai an faɗa masa ba, har ka ji tausayinsa yana neman kama ka kana korewa. Sannan cikin magadan da ke da hakkin yafe rabonsu har da amaryar da ya bari aka ci mutuncinta. Labarin ya tsaya yana tsaye a ƙofar ɗakin da take takaba ya yi sallama, ba a faɗa mana ko ta amsa ba. Maman 'yan biyu ta kira marubuciyar a waya takanas tace ke dan Allah ta yafe ko ba ta yafe ba, tace Anti ni ma ban sani ba.

Akwai wadda ta tayar da maganar cewa irin wannan rubutun koya wa kishiyoyi hanya yake. Ba a Hausa aka fara wannan tsoron ba, Christie ma an yi mata shi a kan littafinta na 1961 da ya yi bayanin gubar taliyom mai zubar da gashi. Amma littafin nan dai shi ne a 1977 aka ba da labarin wata nas a asibitin Hamasmit na Landan tana karanta shi, ta lura alamomin sun yi daidai da na wata jaririya 'yar wata 19 da aka kawo daga Katar likitoci sun rasa gane ciwonta, aka gwada aka samu taliyom ne daga maganin ƙwari na gida, yarinyar ta rayu. Namu labarin ko sunan ƙwayar bai kira ba balle inda ake samunta, alamomin kawai ya koyar. Kuma Maman 'yan biyu mai tsakin kemistiri ita ce ta tsare haris ɗin imararsu makon jiya sai ya faɗa mata me mai feshi zai sa a shaggar da ke kusa da tasu, har da cewa a nuna mata gwangwanin.

Daren Juma'ar da ta wuce marubuciyar ta zo da kanta, tace na biyun da take shiryawa a kan kwalli ne, don na dutsen nan mai ƙyalli yawanci dalma ce a cikinsa kuma ana sa wa jarirai. Falon ya yi tsit, don babu wadda ba ta da shi a jaka. Goggo tace kwallin da uwarta ta sa mata ta sa wa 'ya'yanta tara ba za a zo yau a ce mata guba ba ne, kuma wannan karon in ba a aurar da bazawarar nan ba kar a kawo mata. Can da aka fara tashi ana neman takalma sai na ga ta jawo yarinyar gefe ta zaro ɗan tandunta na fata daga lalita, tace wannan in an matsa masa lemun tsami zai nuna? Tace a'a Goggo, wannan sai an kai ɗakin gwaji. Goggo ta juya tandun a hannunta ta mayar lalita, tace toh bari sai bayan bikin jikarta, kuma in an kai kar a rubuta sunanta a jiki.